Gidan Fasto Na Ƙasa: Abin da Wusasa Ke Koya wa Ikilisiyoyin Ƙauye

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa inda Bishara ta daɗe da shiga, akwai gini biyu da suka tashi tare, wato majami'a da gidan mai aikin ikilisiya. Hannu ɗaya ne ya gina su, daga kududdufi ɗaya aka haƙo ƙasarsu, sau da yawa kuwa a rani ɗaya aka gama su. Amma idan shekara hamsin ko tamanin suka wuce, rabonsu yakan bambanta. Majami'a takan sami masu tsaya mata, gama a cikinta aka yi wa mutane baftisma, a cikinta aka ɗaura musu aure. Gidan fasto kuwa, ranar da baiko ya isa sayen bulo da kwano, ranar ce ake sa masa diga, kuma da wuya a ji dattijo ɗaya ya ce a dakata.

Wannan hali yana bukatar a sake dubansa. Tsohon gidan fasto na ƙasa gini ne da ke da fasaha a cikinsa, kuma shaida ce ta yadda bangaskiya ta zauna a tsakanin mutane daga Litinin zuwa Asabar. Wurin da ya fi dacewa a fara wannan bincike shi ne Wusasa, a gefen birnin Zariya, domin a can ne aka fi ganin abin da ginin Hausa ya iya yi wa ikilisiya.

Yadda Wusasa ta samu

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya kai ƙaramar ƙungiya har Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, sai suka juya suka yi zango a Girku, a ƙasar Zazzau. Daga cikinsu akwai wani saurayin likita, Walter Miller. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Shi ne kuma ya ɗauki babban nauyin fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932.

Zaman mishan a cikin ganuwa bai taɓa kwanta wa masarauta da gwamnatin Turawa a rai ba. A ƙarshe aka ba da fili a bayan gari, gindin dutsen Wusasa, aikin ya koma can a 1929. Miller bai so wannan ƙaura ba, gama yana ganin fita daga birni fita ce daga cikin mutane. Samarin da suka zo daga jami'ar Cambridge ne suka ɗauki aikin sabon wurin, babbansu kuwa shi ne Rabaran Guy Bullen. A wannan shekara aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausa, tana nan tsaye har yau. Kusa da ita makaranta ta tashi, da asibitin St. Luke, da gidajen ma'aikata.

Ƙaramin wurin nan ya ba Nijeriya mutane fiye da girmansa. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, ɗan wannan jama'a ne. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi karatu a makarantar Wusasa. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, mutumin wurin ne. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a can ya tashi, mahaifinsa Yohanna Gowon kuwa mai bishara ne na C.M.S. Mai karatu ya lura da wannan na ƙarshe. Yaron da ya zama shugaban ƙasa, awa biyu ko uku yakan yi a majami'a ranar Lahadi, sauran mako duka a gidan mai bishara yake. Wanda ke neman inda aka yi tarbiyyar waɗannan mutane, gidajen zai bincika.

Abin da ginin ke faɗi

Magini Bahaushe yana aiki da abu kaɗan. Yana da tubali, wanda ake murzawa da hannu a shanya a rana, gindinsa da faɗi, kansa da tsini. Yana da birji da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ya tsima, shi ke riƙe tubali. Yana da azara, wadda ake tsagawa daga giginya, itacen da gara ba ta cika damunsa ba. Azara guda ba ta ɗaukar nauyin rufin soro fiye da faɗin kamar ƙafa shida, saboda haka wanda ke son ɗaki mai faɗi dole ya yi dabara. Dabarar ita ce bakan gizo: a dasa azara cikin bango, a ɗora wata bisa wata suna leƙowa kaɗan kaɗan, a ɗaure su da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har hannu biyu su haɗu a tsakiya. In baka biyu ko fiye suka gitta juna, shi ake kira ɗaurin guga. A waje kuwa akwai zanko a kusurwoyi, da indararo mai fitar da ruwa nesa da bango.

Ƙasar Zazzau ce ta kai wannan sana'a matuƙa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, masana gine-gine kuwa har yau suna lissafta shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka. Sa'ad da aka tashi gina majami'a a Wusasa, ba a yi shekara ɗari da aikin Babban Gwani ba, sana'ar tana da rai a hannun magina. Bakunan da ke cikin majami'ar St. Bartholomew daga wannan gado suka fito, gama irin wannan aiki ba ya samuwa sai a hannun wanda ya koya tun yana ɗauko wa ubansa ƙasa.

Yabon da ya kamaci ginin shi ne bai yi ƙoƙarin zama cocin Ingila ba. Bazazzagin da ya shiga, ko Kirista ne ko Musulmi, idonsa ya san wurin tun kafin a gaya masa kome. Kaurin bango yana tare zafin rana, sanyin hunturu ma ba ya ratsa shi da sauri. Tagogi ƙanana suna barin haske daidai gwargwado. Murya takan kwanta a ƙarƙashin rufin ƙasa, ba ta yin amo kamar a ƙarƙashin kwano, ruwan sama kuma ba ya hana jin wa'azi. A lokacin da ake zargin masu bi da cewa sun bi addinin Bature sun bar gidan ubansu, ginin ya ba da amsa da tubali da azara, amsar da kowane mai wucewa ke iya gani.

Gida iri biyu

Gidajen da mishan suka bari a Arewa iri biyu ne, kuma ba daraja ɗaya gare su ba ta fuskar aikin da aka gina su dominsa.

Na fari shi ne gidan Bature mai baranda. Akan ɗora shi bisa tudu ko bisa dakali mai tsawo, baranda ta kewaye shi, ɗakuna suna jere don iska ta ratsa. Fasalinsa daga gidajen ma'aikatan gwamnati ya zo, waɗanda dokar garuruwa ta 1917 ta raba da unguwannin 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440, wai don gudun sauro. Gida ne mai daɗin zama, ba a musun wannan. Aibinsa shi ne ba shi da wurin da talaka zai tsaya ba tare da jin nauyi ba. Mai zuwa da damuwa yakan tsaya a ƙasan matakala yana ɗaga kai, ko kuwa ya zaga ta bayan madafa. Gini yana koya wa mutane matsayinsu ko da maigidan mai tawali'u ne.

Na biyu shi ne gidan da aka gina wa fasto ko katikis ko mai bishara ɗan ƙasa, bisa tsarin gidan Hausa: zaure a bakin hanya, ƙofar gida a bayansa, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida inda iyali suke, da rumbu da madafa da rijiya. Wannan tsari ya dace da aikin kiwon ikilisiya kamar dai dominsa aka ƙirƙiro shi. Zaure ƙofarsa a buɗe take, kowa yana iya yin sallama ya shiga ya zauna. A nan ake sasanta ma'aurata, a nan masu shirin baftisma ke koyon katikisma da yamma, a nan baƙon da dare ya yi masa ke kwana, a nan ma maƙwabci Musulmi ke zuwa gaisuwar rasuwa ba tare da ya ga ya shiga wurin da bai kamata ba. Duk da haka ƙofofin ba sa kallon juna, don haka wanda ke zaure ba ya hango matar gida tana daka. Fasto yana na jama'a a zaure, yana na iyalinsa a cikin gida, bango ɗaya ya raba masa nauyin biyu.

A gwada wannan da gidan bulo da ake ginawa a madadinsa, mai falo ɗaya da ɗaki uku. Baƙo yana shigowa sai ga shi a tsakiyar iyali. Matar da ta zo da maganar sirri dole ta faɗe ta yara suna kai da komo, ko kuwa ta haɗiye ta ta koma gida. Mutane da yawa da za su zauna a zaure ba sa iya ƙwanƙwasa ƙofar falo. Kwano yana gasa ɗaki daga Maris zuwa Mayu, har maigida ya koma gindin mangwaro da littattafansa. An sami bango mai ƙarfi, an rasa zaure, ba a kuma lissafta wannan hasara a taron dattawa.

Abubuwan da ke kashe ginin ƙasa

Ana yawan cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko. Hasumiyar Gobarau a Katsina, da Gidan Makama a Kano, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sun isa su ƙaryata wannan magana. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna sa'ad da ya fara makarantar Nasarawa a 1909, gidan zama ne na ƙasa, ga shi kuma ya haura shekara ɗari. Ginin ƙasa yana da sharaɗi ɗaya, a kula da shi kowace shekara. Abubuwa uku ne ke karya wannan sharaɗi a gidajen ikilisiya.

Na fari, rashin mai shi. Gidan gado yana da magaji da ke hawa soro kafin damina. Gidan fasto kuwa na kowa ne, fasto baƙo ne a cikinsa, bayan shekara huɗu ko biyar a ɗauke shi a kawo wani. Wanda ya san za a canja shi ba ya kashe ɗan albashinsa a kan rufi, dattawa kuwa suna ɗauka mai kwana a ciki ne zai kula. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Indararo ɗaya da ya toshe da ganye ya isa ya tara ruwa a kan soro, ruwan ya ratsa, azara ta ruɓe a inda ta shiga bango. Aikin da yaro zai yi da tsintsiya a watan Afrilu, in an bar shi damina uku, sai ya zama aikin da baikon shekara ba zai biya ba. Hausawa sun riga sun faɗa, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Na biyu, siminti. Wannan ya fi ban tausayi, gama da kyakkyawar niyya ake yinsa. Mutane sukan ga bango yana zaizayewa, su tara kuɗi su shafe shi da siminti, su ce sun huta. Amma siminti da ƙasa ba sa haɗa jini. Zafi da sanyi ba sa motsa su daidai, sai simintin ya tsattsage. Ruwa yana shiga ta tsagar, ba ya kuwa iya fita, domin simintin ya hana bango shan iska. Ƙasa tana jiƙa tana narkewa a ɓoye, gara tana samun hanya mai laima, har ran da faifan simintin zai ɓanɓaro gaba ɗaya a ga bangon ya zama kogo. Magina na dā suna da nasu magani. Makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana yaɓa ta a bango ta kore ruwa. Laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin majema da dafara, shi ake shafa wa soro. Dukansu suna tare ruwan sama, suna kuma barin laimar ciki ta fita.

Na uku, kunya. Akwai ikilisiyoyin da ke ganin gidan ƙasa a harabarsu alamar talauci ce, musamman in ikilisiyar maƙwabta ta yi wa fastonta bene. Wannan kunya ta rushe gidaje masu lafiya fiye da yadda damina ta rushe.

Hujjar masu son a rushe

Ba daidai ba ne a yi kamar masu son sabon gida ba su da gaskiya ko kaɗan. Matar faston da ke tara kwanuka a tsakar ɗaki cikin dare don tarar yoyo, tana da iko ta nemi rufin da ba ya zuba. Mai zuwa daga birni ya yaba wa zanko ya ɗauki hoto ya koma gidansa mai lantarki, bai isa ya hukunta ta ba. Giginyar da ta isa azara tana ɗaukar shekaru masu yawa, ta kuma yi wuya a wurare da dama. Magina gwanaye sun ragu, 'ya'yansu sun koma aikin bulo. Littafi Mai Tsarki ma ya koyar da cewa ma'aikaci ya cancanci a kula da shi, ikilisiyar da ta bar bawan Allah cikin gidan da zai faɗo masa don son tarihi ta yi laifi.

Amma hujjar ta tsaya ne a kan bukatar gida mai lafiya, ba ta kai ga wajabcin rushe tsohon ba. Fili ba ya wuya a yawancin harabar ikilisiyoyin ƙauye. Ana iya gina sabo a gefe, tsohon ya zama ofis, ko ɗakin karatu, ko masaukin baƙi, ko wurin taron zumuntar mata. Inda kuma tsohon yake da ƙwari, ana iya ɗora masa rufin kwano a bisa soron, mai faɗin baki don ya kāre bango, a bar ɗaurin guga yadda yake a ciki. Masu tsananin kishin asali ba sa son wannan, gama yana ɓoye zankwaye. A shekarun 1970 an yi wa masallacin Zariya abin da ya fi haka, aka rufe shi da sabon gini ta waje, kamanninsa na dā suka ɓace wa mai wucewa. An yi ta sukar aikin, kuma akwai gaskiya a sukar. Duk da haka bakunan Babban Gwani suna nan a ciki, da ma an ce da babu gara ba daɗi.

Doka da iyakarta

Nijeriya tana da doka a kan kayan tarihi tun 1953, sa'an nan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da ikon sa a ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa. Shekaru da yawa adadin wuraren da aka ayyana ya tsaya a 65, a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Daga wannan lissafi kaɗai mai hankali zai gane cewa gidan katikis a ƙauyen Maguzawa ba zai taɓa shiga jerin ba. Ko ya shiga ma, allon gwamnati ba ya share indararo. Wanda ke jiran hukuma ta zo ta ceci ginin kakanninsa zai daɗe yana jira.

Abin koyi na gaske yana wurin ikilisiyoyi da kansu. Ikilisiyar Ingila ta kafa ƙa'ida a 1955 cewa a duba kowace majami'a duk bayan shekara biyar a rubuta abin da ke bukatar gyara, a 1972 kuma ta yi wa gidajen limamanta irin wannan tsari. Ita ma ta sayar da tsofaffin gidajen limamai masu yawa, ba a ce ta tsira daga kuskure ba, amma duba na ƙa'ida ya hana ƙaramar ɓarna girma. A ƙauyen Epworth, gidan limami ya ƙone a 1709, aka ciro John Wesley ta taga yana ɗan shekara biyar. Mahaifinsa Samuel ya sake gina gidan a wannan shekara. Metodis suka saye shi a 1954 suka buɗe shi ga baƙi a 1957, domin sun gane cewa a ɗakin girkin gidan, inda Susanna Wesley ke koyar da 'ya'yanta, aka shuka abin da ya zama ikilisiyarsu. A nan gida ma, benen da C.M.S. suka gama a Badagry a 1845 gidan zaman ma'aikatan mishan ne, shi ne kuwa baƙi ke tururuwar gani.

Yarjejeniyar da masana adana gine-gine suka yi a Venice a 1964 ta tsaya a kan abubuwa masu sauƙi: a riƙa kula da gini ba fashi, a ba shi aikin da zai amfani jama'a, a rubuta duk gyaran da aka yi. Mutanen Jenne a Mali sun san na farkon tun kafin a rubuta shi. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, yana tsaye ne domin kowace shekara gari duka ke fitowa yaɓe, ranar ta zama kamar salla.

Darasi daga Sudan

Labarin Wusasa yana da igiya da ta kai Sudan. A 1935 aka naɗa Guy Bullen mataimakin bishop na Masar da Sudan, a Disamba 1937 kuwa ya rasu a haɗarin jirgin sama a kudancin ƙasar. Tun kafin shi Hausawa sun san hanyar, gama mahajjata masu tafiya a ƙasa sun zauna a can, bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Har yau akwai Hausawa masu yawa a Gadarif, ƙasar dawa da riɗi. Ƙasar wurin baƙar laka ce mai kumbura da damina ta dare da rani, tana tsaga bango mai nauyi, shi ya sa aka san garin da zagayayyun ɗakunan ciyawa. Gadarif tana tuna wa mai gini cewa ƙasar wuri ce ke zaɓar fasalin gida, kuma fasalin da kakanni suka zauna a kansa yakan zama amsar wata matsala da jikoki suka manta.

Sudan tana da darasi na biyu mai ɗaci. Nubiya ta yi ƙarnuka tana ƙasar Kirista, da majami'u na tubali da dutse. Sa'ad da ruwan madatsar Aswan zai cinye garin Faras, masana daga Poland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski suka tono babbar majami'ar garin tsakanin 1961 da 1964, suka auna ta, suka ciro zane-zanen bango fiye da 100, aka raba tsakanin Khartum da Warsaw. Ginin yana ƙarƙashin ruwa. Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 an wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum, amma abin da aka ajiye a Warsaw, da awo da hotuna, suna nan. Arewacin Nijeriya ba baƙon irin wannan hasara ba ne, gama rikicin da ya tashi a Kafanchan a Maris 1987 ya kai Zariya, majami'u da yawa suka ƙone cikin kwana kaɗan. Abin da aka auna aka rubuta aka ajiye a wuri biyu, wuta ɗaya ba ta cinye shi. Wani mutumin Poland ɗin, Z.R. Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aikinsa ya fito cikin littafi uku a 1990, shi ne kuma ya tsara gidan tarihin gine-gine na Jos. Gine-gine da dama da ya auna, zanensa ne kaɗai ya rage.

Abin da ikilisiyar ƙauye za ta iya yi

Ba a bukatar kuɗin waje don a fara. Majalisar dattawa ta naɗa mutum ɗaya mazaunin gari, wanda ba a canja shi kamar fasto, ya zama mai kula da gine-gine. A sa rana ɗaya cikin Afrilu ta zama ranar gayya: samari su hau soro su share indararo su toshe tsaga, mata su kawo ruwa, a cike gindin bango da ƙasa don ruwa ya gangara waje. A ware wani ɗan kaso na baikon godiyar kaka domin makuba da ladan magini. A nemi tsohon maginin da ya rage a yankin, Musulmi ne ko Kirista, a biya shi hakkinsa, a haɗa shi da yara biyu su koya. A dasa giginya a gonar ikilisiya, ko da wanda ya dasa ba zai ga azararta ba. Kada a shafa siminti a bangon ƙasa.

Sa'an nan a ɗauki littafi a rubuta. A auna kowane ɗaki da igiyar awo, a ɗauki hoto ciki da waje, wayar hannu ma ta isa. A zauna da tsofaffi a tambaye su wa ya gina gidan, a wace shekara, su wane ne suka zauna a ciki bi da bi, wa aka haifa a wane ɗaki. A ajiye kofi ɗaya a ikilisiya, ɗaya a ofishin dayosis ko na gunduma. Ofisoshin nan kuma su kafa ƙa'ida cewa ba za a rushe ginin ikilisiya da ya haura shekara hamsin ba sai an kawo maganar gabansu, an kuma gama awo da hoto.

A littafin Joshuwa sura 4, an tsibe duwatsu goma sha biyu daga Urdun domin wata rana yara su yi tambaya, iyaye su sami abin nunawa. A 2 Sarakuna sura 12, Sarki Yowash ya ga gyaran Haikali ya tsaya domin an bar shi a hannun kowa, sai aka ajiye akwati, aka ba masu lura da aiki kuɗin, gyara ya tafi. Shekarar 2029 majami'ar Wusasa za ta cika ɗari. Gidajen fastoci da masu bishara da aka gina a bayanta, a ƙauyukan Zazzau da Kano da Katsina, suna bin sawunta a shekaru, tsofaffin da suka san labarinsu kuwa suna raguwa kowace shekara. Ikilisiyar da ke da irin wannan gida, aikinta na farko shi ne ta hau soro ta duba indararo kafin ruwan fari ya sauka.